Hamajoɗa Maɗori da Ƙarshen Layin Dogo

Ni Babarbare ne, Hamajoɗa kuwa Bafulatani, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Bawana ne tun kaka da kakanni, ko da yake in shi ka tambaya zai rantse maka ni ne bawan. Sunana Yunusa, kanwa nake sayarwa a kasuwar Gashuwa. Sarin kanwar ne ya fara kai ni ƙauyukan arewa da Yusufari, inda rairayi yake tashi tudu-tudu har mota ta kafe a fito a yi ta turi. A can na san shi, shekara ashirin da 'yan kai ke nan, ranar da buhu ya zamo daga kan raƙumi ya sauka a kafaɗata.

Maɗori ne. Dogo ne siriri, magana kuwa sai ka roƙa. Idan aka kawo masa mai karaya ba ya tambayar inda ke ciwo. Sai ya wanke hannu, ya shafa man shanu, ya bi gaɓar da yatsu yana kallon gefe kamar mai sauraron wata magana daga nesa. Can sai ya tokare diddigensa da turken da ke kafe a tsakiyar zaurensa, ya ce a riƙe, ya ja. Kafin ka gama ihun da ka fara, ƙashi ya koma mazauninsa. Daga nan ya naɗa tsumma, ya jera kara da ya saƙa kamar asabari, ya ɗaure, ya yi tofi. Wanda ƙashi ya huda fata kuwa ba ya taɓa shi, asibiti yake tura shi, yana cewa wannan aikin masu allura ne. A kan ƙafar shanu ya koya, shi ya sa nake ce masa har gobe bai san bambancin mutum da maraƙi ba.

Sana'ar gado ce, kuma gadon ya zo da sharaɗi biyu. Mahaifinsa Bobboi, ranar da zai cika, ya kama hannunsa ya ce: wanda aka kawo gabanka kada ka ce masa gobe, wanda kuma ka ɗaure kada ya neme ka ya rasa har sai ka kwance shi da hannunka. A ji, maganar ba nauyi. To amma ɗorin hannu yakan kai mako huɗu, na cinya ya haura kwana arba'in, kuma kafin ya kwance wannan an kawo wancan. Jaki ya yi harbi, yaro ya faɗo daga itace, sa ya tunkuyi mai shi, ga babura kuma da suka shigo suka ƙara wa abin gishiri. Shekara talatin da ɗaya Hamajoɗa bai kwana a wajen rugarsu ba. An kai 'yarsa ɗakin miji a Machina, bai raka ba. Wani attajiri da ya ɗora wa ɗansa ƙugu ya biya masa kujerar Makka, ya tura matarsa Zaituna. Ita ce Hajiya, shi yana nan Hamajoɗansa. Ba wanda ya ɗaure shi da igiya, amma masu magana sun ce sa kai ya fi bauta ciwo.

Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abu ɗaya na san yana cin ransa, shi ma sai da muka shekara goma tare sannan ya faɗa mini. Yana ɗan shekara goma, ya bi mahaifinsa sun kora shanu zuwa Nguru, lokacin da ake loda su a jirgin ƙasa a yi kudu da su. Kwana huɗu suna tafe, uban yana ba shi labarin wurin da titin jirgi ya ƙare. Ya ce masa ƙarfe ne guda biyu da suka taso tun daga Kano, suka ratso daji da gari ba hutawa, amma da suka zo Nguru sai suka tsaya cak, daga nan ba gaba. Sun iso bakin gari, har suna jin jirgin yana kuka, sai ga mahayi ya biyo sawunsu: wani da Bobboi ya ɗora wa ƙafa a gida ta kumbura. Nan take uban ya danƙa shanun a hannun ƙanensa, ya ɗora yaron a bayan doki suka juya.

"Na ji muryar jirgin, ban ga fuskarsa ba," in ji shi.

Na ce masa ai jirgin ma yanzu sai a daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Ya ce shi ba jirgin ne ya dame shi ba. So yake ya tsaya da ƙafarsa a inda ƙarfen ya ƙare, ya gani da idonsa cewa abu mai tsawo haka yana da ƙarshe. Na yi masa dariya ranar, na ce wautar Fulani dai ba ta tsufa. Daga baya na daina dariyar.

Yana da aboki a Nguru, Terver, mutumin Binuwai. Malamin gona ne da aka taɓa turowa yankin Yusufari. Shekara goma sha biyu da suka wuce babur ya kayar da shi a rairayi, ƙaurinsa ya karye gida biyu, ya yi kwana arba'in a zauren Hamajoɗa yana shan fura yana koyon Fulatanci na ƙarya. Da ya yi ritaya sai ya zauna a Nguru yana sayar da iri da injin ban ruwa. Duk sallah sai ya bugo waya: "Baba Hama, yaushe za ka zo ka ga garinmu?" Amsar kullum ɗaya ce, akwai mutum a hannuna.

Bana da bazara, ranar wata Alhamis, wayata ta yi ƙara. Hamajoɗa ne.

"Babarbare," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa kamar wanda ya yi sata. "Hannuna ba kowa."

Ban gane ba sai da ya maimaita. Da safen nan ya kwance na ƙarshe, wani makiyayi mai karayar dantse, kuma ba a kawo sabo ba. Zafi ya kwantar da kowa a inuwa, ba noma, ba hawan itace. A shekara talatin da ɗaya wannan ne karo na farko. Ya ce gobe Juma'a zai biyo ta Gashuwa, in raka shi Nguru, mu kwana biyu, Lahadi ya koma. Ya ce ya riga ya gaya wa Terver.

Da ya sauko daga mota a tashar Gashuwa da ƙyar na gane shi. Ya sa rigar sallarsa, bai ɗauko jakar aikinsa ba, ko kwalbar man shanu. Abu na farko da ya yi, ya tsaya wajen mai tebur ya sayi baƙin tabarau, wai don kada a gane shi. Na ce masa yanzu ka zama ɓarawon shanu sosai. Ya yi murmushi har haƙoransa suka fito, abin da ban saba gani ba. Na ce mu leƙa gada ya ga kogi, tun da mutumin rairayi ne, ruwan da ya sani na guga ne. Ya ce a'a, sai a dawowa, mu dai fara isa can. Muka yi sallar Juma'a muka shiga mota. Yana manne da taga har muka wuce Jajimaji, yana tambayata sunan kowane ƙauye kamar ɗan makaranta.

Bayan la'asar muka shiga Nguru. Terver yana tasha yana jiranmu, ya rungume Hamajoɗa ya ɗaga shi sama, ya buga ƙafarsa a ƙasa sau uku don ya nuna tana nan garau. Muka shiga keke napep, ta bi ta gefen kasuwa, warin busasshen kifi ya cika mana hanci. Hamajoɗa yana ta waige-waige. Minti goma ne duka abin da ya gani na garin Nguru, da na san haka da na ce mai keken ya tafi a hankali.

Gidan Terver tsohon gini ne mai rufin kwano, da fili a gaba da wata babbar darbejiya. A ƙarƙashin darbejiyar an jera benci uku, kuma bencin cike suke da mutane. Wani ya rataye hannu a wuya da ɗankwali, wani an kwantar da shi a tabarma, wata mata ta rungume 'yarta. Na zaci rasuwa aka yi.

"Baba, na gaya musu kana zuwa!" in ji Terver, fuskarsa fal murna. "Na faɗa a coci, na faɗa a kasuwa, na faɗa wa 'yan babur. Shekara goma sha biyu ina nuna musu ƙafar nan suna cewa ƙarya nake yi. Yau za su gani da idonsu."

Wallahi ba da mugunta ya yi ba. A wurinsa wannan ita ce karramawa, ya nuna wa gari irin abokin da yake da shi. Bai san sharaɗin Bobboi ba, bai san labarin jirgi ba, don Hamajoɗa ba mai faɗa ba ne. Na dubi Hamajoɗa. Ya cire tabarau ya ninke ya sa a aljihu, ya ce a ba shi ruwa ya wanke hannu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ba man shanu, matar Terver ta aika kasuwa aka sayo. Ba kara, aka kwance asabarin ƙofar ɗakin girki aka yayyanka. Ba turke, sai ya lalubi wani ƙarfe da ya ɗan leƙo daga cikin rairayi a gindin darbejiyar, ya gwada shi da diddige ya ji ba ya motsi, ya ja tabarmarsa ya zauna a nan. Kafin magariba ya ɗora huɗu. Ya ce da ni a hankali, "Gobe da safe sai mu fita."

Washegari da safe, kafin mu shafa addu'ar asuba, benci uku sun zama biyar. Labari ya zaga gari. Masunta suka kawo nasu, masu dako a kasuwar hatsi suka kawo nasu, 'yan babur kuwa sai ka ce dukansu a rana ɗaya suka faɗi. Akwai mai targaɗe, akwai wanda aka yi wa ɗori a karkace shekara biyu da suka wuce, akwai wani tsoho mai ciwon baya da ba abin da ya karye a jikinsa, ya dai zo ne don kada a yi ba shi. Hamajoɗa bai ce wa kowa gobe ba. Ya tura uku asibiti, sauran ya bi su ɗaya bayan ɗaya, rigar sallar ta jiƙe da gumi da man shanu. Duk wanda ya ɗaure sai ya kwatanta masa hanyar rugarsu, ya ce ranar bakwai ka same ni a can.

Da hantsi na matsa kusa da shi na ce bari in gaya wa Terver abin da ya kawo mu. Ya ɗago ya yi mini wani kallo. A al'adarsu baƙo ba ya buɗe baki ya ce ga abin da nake so, balle ya nuna wa mai masauki ya yi kuskure a gaban jama'a. Na ce kunyar nan taku ita za ta kashe ku. Ya ce in riƙe masa ƙafar mutumin nan in rufe baki.

Zan faɗi laifina. Da azahar na gaji, na sulale na fita. Na je kasuwar kifi, na gangara har bakin ruwa na ga kwale-kwale da fararen tsuntsaye, na ci soyayyen karfasa na sha iska. Tashar jirgi ce kawai ban je ba, na ga bai dace in riga shi ba. Da na dawo ya tambaye ni yadda gari yake, ba tare da ya ɗago kai ba. Na ce ba komai a ciki sai zafi da ƙuda. Ya san ƙarya nake yi, ni ma na san ya sani, kuma abin ya tsaya mini a rai har yau.

Da magariba matar Terver ta kawo sakwara da miyar kifi. Hamajoɗa ya gaji tilis, da ƙyar yake kai loma. Terver yana ta ba da labarin yadda mutane suke sa albarka. Hamajoɗa ya ce madalla, Allah ya ba su lafiya. Daga inda muke zaune ba abin da ake gani sai katangar maƙwabta da benci.

Ranar Lahadi Terver ya tafi coci da sassafe. Saura mutum biyar, Hamajoɗa ya gama da su wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Goma sha bakwai ke nan ya ɗaure a kwana biyu. Benci suka zama ba kowa. Terver ya dawo yana cewa yanzu sai a yi abinci a huta. Ni kuwa tura ta kai bango, na ce yau ko za a tsine mini sai na faɗa. Na kwashe labarin duka na gaya masa, da shanu, da mahayi, da kukan jirgi, da sharaɗin Bobboi, da shekara talatin da ɗaya.

Terver ya ɗora hannu biyu a ka. Idonsa ya kawo ruwa.

"Baba Hama, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Wayyo, na cuce ka." Sai ya dubi ƙasa, ya nuna gindin darbejiyar. "Baba, wannan ƙarfen da kake taka shi tun shekaranjiya, ai shi ne. Titin jirgi ne. Tsohon reshe ne da ake ajiye tarago, rairayi ya binne shi."

Ya durƙusa ya share ƙasar da hannunsa. Ƙarfen ya fito dogo, baƙi, ya miƙe ya shige ƙarƙashin katanga. Ya share gefe, ga ɗan'uwansa. Ya ce in an zagaya bayan katangar nan aka bi shi, bai fi taku ɗari biyu ba za a ga inda layin ya tsaya.

Hamajoɗa ya tsuguna ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen, ya bi shi da yatsu yana kallon gefe, yadda yake yi wa ƙashi. Sannan ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya gyara hula, ya zaro tabarau ya sa. Ya ce, "To, mu je." Mun kai bakin ƙofa ke nan wayarsa ta yi ƙara.

Hajiya Zaituna ce. Wayarsa irin mai ƙara ce, duk muna ji. Ta ce amalanken shanu ya kife da wata mata mai suna Fanne a hanyar rijiya, cinya ta karye, tun hantsi aka kawo ta aka kwantar a zaure. Ta ce 'yan'uwan matar sai tambaya suke yi ina yake, ita kuma ta rasa abin da za ta ce musu. Daga bayan muryarta ana jin nishin matar, a hankali, ba ya yankewa.

Ya ce ga shi nan zuwa. Ya kashe wayar, ya cire tabarau.

Na sha gabansa. Na ce, "Kai bawana, ka saurare ni. Daga nan zuwa gida awa uku ne ko fiye, in ma mun sami mota da wuri. Taku ɗari biyu minti biyar ne. Me minti biyar zai ƙara mata? Kuma ba ka ɗaure ta ba tukuna, ba a gabanka aka kawo ta ba, sharaɗin bai hau kanka ba." Terver ma ya kama hannunsa yana roƙo, ya ce a kan babur minti ɗaya ne.

"Zaurena gabana ne," in ji Hamajoɗa. Ya dubi katangar. "Awa ukun mota ba ni na sa su ba, Allah ne ya sa nisa. Wannan takun kuwa nawa ne. In na je kallo tana can tana wannan nishin, da wane ido zan dube ta in na isa?"

Na zage shi da Barbarci, na zage shi da Hausa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji kamar in ɗauke shi cak in kai shi, don ba nauyi gare shi ba. Amma na san ko na kai shi rufe ido zai yi. Terver ya tsayar da keke napep, muka shiga, ta juya ta yi hanyar tashar mota. Bai waiwaya ba. A Gashuwa ma ba wanda ya tayar da maganar gada, daga wannan mota ya faɗa waccan.

Fanne ta warke, tana tafiya da ƙafarta. Ranar bakwai mutanen Nguru suka cika alkawari, suka ɗauki shatar mota har rugar, kuma ba su zo su kaɗai ba, kowa ya taho da wani nasa. Yanzu direbobin Nguru sun san hanyar gidan Hamajoɗa ba sai an kwatanta musu ba. An yi wa zauren rumfa a gaba don ya daina ɗaukar jama'a. Da mutanen ruga suka taru suna tambayarsa yaya birni, me ya gano, sai ya ce musu, "Ƙashinsu irin namu ne."

Watan jiya Terver ya je da kansa ya ɗauki hoton wurin ya turo mini a waya, ya ce don Allah in nuna wa Baba, ko zuciyarsa ta yi sanyi. Na kai masa har gida. Na same shi a zaure yana saƙa kara, tabarau ɗin nan yana rataye a ƙusa, ƙura ta rufe shi. Na ce ga ƙarshen layin dogo na kawo maka har inda kake. Ya karɓi wayar, bai duba ba, ya kifa ta a kan tabarma.

"Kada ka ɓata mini," ya ce. "Da ƙafata zan je."

Na buɗe baki zan tambaye shi yaushe, sai muka ji mota ta tsaya a waje, ana sallama, ana cewa a riƙe shi a hankali. Hamajoɗa ya ajiye karan, ya jawo buta ya fara wanke hannu.